Saiwa a Cikin Huhun Goro

Gidan su Mamuda a Jugu gida ne da tun da aka kafa shi ba a taɓa sayen fartanya a cikinsa ba. Kakan kakansa ya biyo ayarin jakuna daga Gwanja, ya sauke kaya a garin da niyyar hutawa, bai sake ɗaura su ba, kuma tun daga ranar goro suka sani, goro ya san su. Noma na mutanen ƙauye ne masu kawo doya ranar kasuwa. Ɗan gidan fatake in ka ga ƙasa a gwiwarsa, to faɗuwa ya yi. Ba wanda ya taɓa zaunar da Mamuda ya karanta masa wannan, a nono ya sha.

Sai ga shi Allah ya binne abincinsa a ƙasa. Da ya gama makaranta, lokacin Dahome ba ta daɗe da samun mulkin kai ba, aka ɗauke shi a wata tashar binciken noma da ke bayan garin Paraku, ƙarƙashin wani mutumin Borgu, Dokta Sabi, wanda ya je karatu Faransa ya dawo da sanƙo da son tsugunno a gona. Aikinsu tonon wake da gyaɗa da gujiya. In ka tuge wake a hankali ka duba saiwarsa, za ka ga 'yan ƙuraje sun manne mata kamar ƙwayar dawa. Cikin ƙurajen nan akwai wasu halittu da ake kira bakteriya, ido ba ya ganinsu sai da madubin ƙara girma. Su ke ciyar da shukar daga abin da ke cikin iska, shi ya sa wake ke yin kyau a inda masara sai an ba ta taki. Mamuda ne ke ciro ƙurajen, ya murje su, ya shafa ruwansu a farantin gilashi, ya jira su yaɗu, sannan shi da Dokta su zauna tantance wace iri ce wannan, wace ce waccan. Yana son aikin, wannan kam ba ƙarya. Amma so ne irin na ɓoye, kamar na mai shan taba a bayan ɗaki.

Ƙaryar kuwa ba shi ya ƙirƙiro ta ba, ita ta zo ta same shi, shi kuma ya shimfiɗa mata tabarma. Zuwansa gida na farko ya taho da farar rigar aiki a jaka don a wanke. Mahaifiyarsa Iyatu ta zaro ta, ta ɗaga, ta tambayi inda yake aiki, ya ce labo. Labo ɗaya Iyatu ta sani a duniya, na asibiti, inda ake ɗibar jini. Ta rangaɗa guɗa, ta ce ɗanta ya zama likita. Ya buɗe baki zai gyara, ya ga hawaye a idonta, ga matan maƙwabta sun fara shigowa, sai ya rufe. Daga nan shi ke nan. Duk sanda zai je gida sai ya zauna a ɗakin hayarsa na unguwar Gema ya goge farcensa da lemun tsami don kada a ga ƙasa, ya biya ta kantin magani ya sayi ƙwayar ciwon kai. Tsofaffi su kawo masa gwiwa da ƙugu, shi kuma ya ɗaure fuska ya ce a rage gishiri. Sai ya koma mota kunya ta kama shi tun daga Jugu har Paraku.

A bayan gidan nasu akwai wani ɗan fili da ake kira garke, ko da yake rabon da jaki ya kwana a wurin tun kafin a haifi Mamuda. Nan ayari ke ɗaure dabbobi a da. Duk damina wani wake mai ƙananan ƙwaya ke fitowa da kansa ya hau danga, ana ce masa waken Gwanja, wai daga mangalar jakin kakansu ya zube. Ba mai shuka shi, ba mai cinsa sai awaki. Wata sallah Mamuda ya yi kamar zai kewaya, ya waiga hagu da dama, ya tuge gindi ɗaya ya dunƙule a hankici, kamar ɓarawo a gidan ubansa.

Abin da ya fito a farantin gilashi ya sa Dokta Sabi ya manta da abincin rana. Duk irin da suka saba gani fari ne, kamar an ɗiga koko. Wannan kuwa ja-ja ya fito, launin ruwan goro. Dokta ya gwada shi ta nan, ya gwada ta can, ya buɗe littattafansa ya rufe, ya ce bai ga mai kama da shi ba. Ya ce kada su yi saurin murna, sai an aika waje an tabbatar, amma in har sabuwar iri ce da ba a taɓa sani ba, to sunan Mamuda na gaba, don shi ya samo. Ba a kai ga aikawa ba firijin tashar mai aiki da kananzir ya mutu a ƙarshen wani mako, zafi da funfuna suka cinye farantan gaba ɗaya. Suka shuka ƙwayar waken a ƙasar tasha, ƙuraje suka fito, amma farin nan ne na kullum. Mamuda ya kawo ƙasa daga bayan gidajen maƙwabta, haka. Ashe abin ba a ƙwaya yake ba, ba kuma a Jugu duka yake ba. A ƙasar garken nan yake, ita kaɗai.

Ana cikin haka labari ya iso cewa yayansa Awalu ya sayi babbar mota, zai gina siton ajiye goro, kuma a kan garke zai gina. Motar tasha tana gareji, Dokta ya tafi taro Kwatano, shi kuma Mamuda ba dama ya bar wurin. Sai ya tare Idrisu, direban Awalu, a tashar mota ya ba shi saƙo: a gaya wa Iya a tone masa waken Gwanja duka da saiwarsa kafin magina su fara, a adana masa, magani zai haɗa, zai zo da babban likita su ɗauka.

Magana ɗaya ta rage, kuma tana kan harshensa: kada a wanke, a bar ƙasar da ƙurajen yadda suke. Amma Idrisu mutum ne da in ya ji abu da safe, kafin azahar Jugu ta ji. Zai ce, likita me zai yi da ƙasa? Zai ƙyalƙyale da dariya ya kai zancen majalisa. Mamuda ya dubi bakin Idrisu, ya haɗiye maganar. Ya ce a ransa, ai wa zai ɓata lokacinsa wanke saiwar wake.

Bai san uwarsa ba ke nan, ko kuma ya sani ya manta.

Sai da damina ta ja baya motar ta gyaru. Suna shiga unguwar Mamuda ya hango sabon gini, bango ya kai ƙirji. Ya leƙa. An mayar da ƙasar da aka haƙo ciki an daɓe, an malale da siminti, har wata kaza ta bar sawunta a kai ya bushe. Ya ƙarfafa kansa, ya ce wa Dokta ba komai, an tone masu tun kafin a fara.

An share gida tas. An yanka zakara, an daka sakwara. Iyatu ta fito cikin zanen da take zuwa biki da shi, ta durƙusa daga nesa ta gaida baƙo da harshen Dendi, wanda kowa ke ji daga Jugu har Paraku. Mamuda ya lura hannuwanta na naɗe cikin mayafi, ko ƙwaryar ruwa ba ita ta miƙa ba, sai matar Awalu. Bai kawo komai a ransa ba, hankalinsa na kan saiwa.

Da aka gama cin abinci a zaure Iyatu ta ce a kawo. Awalu da kansa ya shigo da shi a kafaɗa, ya dire a tsakiyar tabarma. Huhu ne, ɗaurin goro na gaske, irin wanda ake yi wa kayan da za su yi doguwar tafiya, ganyen fita shar a jere ɗaya bisa ɗaya, igiya ta zagaye shi daidai, an yayyafa masa ruwa yana ta sanyi. Dokta Sabi ya shafa shi, ya ce rabonsa da ganin ɗauri irin wannan tun yana yaro.

"Ba ta bar kowa ya taɓa ba," in ji Awalu. "Ita ta tona da hannunta, wai kada magina su tsinka jijiya. Na ce Iya ke da ƙasa? Ta ce maganin ɗanta ne."

Mamuda ya warware igiyar, ya ɗage ganye. Sai ya tsaya.

Saiwoyin na kwance a jere, manya gefe ɗaya, ƙanana gefe ɗaya, fari fat kamar zaren saƙa. Babu ƙwayar ƙasa. Babu ƙurji ko ɗaya. Ya ɗaga na sama, ya tona har ƙasan huhun, ya baje su a tabarma yana juyawa, duk haka suke. An bi kowace jijiya an tsince ta.

"Iya," ya ce, "ina ƙurajen da ke jiki?"

"Sankarar?" Ta yi murmushin wanda ke jiran yabo. "Kai dai bari. Ban taɓa ganin abin da sankara ta ci irin waken nan ba. Ɗaya bayan ɗaya na bi su da tsinke, sai da safen nan na gama na ƙarshe. Ina za a haɗa wa mutane magani da abu mai cuta?"

Duk wanda ya tashi a gidan goro ya san dokar. Goron da tsutsa ta huda, mai sankara, ba a barinsa ya kwana da 'yan uwansa, ba a kuma yar da shi kusa. Wuta ake sa shi. Mamuda ya san amsar kafin ya tambaya, amma ya tambaya.

"Na zuba a murhu mana," ta ce.

"Ruwan da kika wanke fa?"

"Magina suka roƙa, suka kwaɓa simintinsu."

Nan ne Mamuda ya yi abin da ya yi. Ya juya ga Dokta Sabi, ya koma Faransanci, harshen da ya san uwarsa ba ta ji, ya ce a yi masa afuwa, haka mutanen nan suke, jahilci ya yi masu katutu, tsohuwar ba ta san komai ba a duniya sai goro, yi mata bayani da yi wa akuya duk ɗaya ne. Ya faɗe shi da ƙarfi, yana nuna ta da hannu ba tare da ya dube ta ba. Magana zarar bunu ce. Ya manta Awalu ya yi shekaru yana ciniki da ma'aikatan kwastan, Faransanci ba baƙonsa ba ne. Awalu ya miƙe tsaye, jijiyar wuyansa ta tashi, sai kuma ya dubi baƙo, ya koma ya zauna.

Dokta Sabi bai amsa masa ba, ko kallonsa bai yi ba, kuma da ya zage shi da ya fi sauƙi. Ya sauko daga kujera ya tsuguna a gaban Iyatu, irin tsugunnon da yake yi a gona, ya ɗauki saiwa ɗaya.

"Inna, sannu da aiki. Na ga wahalar da kika sha, Allah ya saka. Sai dai abin da kika cire, shi muka zo nema."

Ya yi mata bayani da Dendi, a hankali. Ya ce ƙurajen ba cuta ba ne, ɗakuna ne, akwai baƙi a ciki, waken ya ba su masauki su kuma suna ciyar da shi. Iyatu ta gyaɗa kai, wannan ta gane shi sarai, ai gidansu masaukin fatake ne tun asali. Ya ce baƙin da ke garkenta ba a taɓa ganin irinsu ba, ɗanta ne ya gano su, kuma a duk tashar ba wanda ya kai shi iya tonon saiwa ba tare da ya tsinka ta ba.

"Tonon saiwa," in ji Iyatu. "A asibitin?"

Dokta ya waiwayo ya dubi Mamuda, karo na farko. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Mamuda ya so ƙasa ta tsage ya shige, sai dai an malale ta da siminti.

"Ba asibiti ba ne, Iya," ya ce, kansa a ƙasa. "Gona ce. Ni ba likita ba ne. Ƙasa nake tonawa."

Yana jira ta yi salati, ko ta yi kuka, ko ta ce ya zubar wa gidan da mutunci. Ta daɗe tana kallon saiwoyin da ta jera.

"To me ya hana ka faɗa mini a bar ƙasar?" ta ce. "Da ka ce a bari, da na bari. Da na huta ma."

Ta juya ga Dokta ta tambaye shi, baƙin nan a cikin ƙurajen kaɗai suke zama? Ya ce a'a, suna cikin ƙasar wurin ma, da za a sami ko 'yar kaɗan da sai a gwada, a shuka wake a cikin yashi mai tsabta a zuba masa, ko Allah zai sa su kama. Amma ga siminti.

A hankali Iyatu ta warware mayafin, ta fito da hannuwan da ta wuni tana ɓoye wa baƙo. Hannuwan mai wankin goro ne, duk sun tsattsage, farcen ya yi kauri ya lanƙwasa. Ƙasar garke ta shige ƙarƙashin kowane farce da cikin kowace tsaga, ta yi baƙin layi.

"Na yi alwala, na sa sabulu, ta ƙi fita," ta ce. "Kunya ta hana ni miƙa maka ruwa. Wannan za ta yi?"

Dokta Sabi ya buɗe jakarsa, ya ciro 'yar kwalba da siririn ƙarfen da suke aiki da shi. Bai matsa kusa da ita ba. Sai ya miƙa wa Mamuda.

Haka Mamuda ya durƙusa gaban uwarsa, a zauren kakanninsa, yayansa na kallo, magina na leƙe ta ƙofa, ya kama yatsunta ɗaya bayan ɗaya yana kankaro ƙasa. Rabonsa da riƙe hannunta tun yana ƙarami. Ya ga inda tsinke ya soke ta, ya ga inda farce ya ɗaye wajen tono. Hawaye ya taru masa, ya kawar da fuska don kada ya ɗiga a kwalbar ya ɓata. Duk abin da aka samu bai cika cokalin shayi ba.

A hanyar komawa Dokta bai ce masa uffan ba sai da suka hango fitilun Paraku. Ya ce, "Ni uwata doya take nomawa har yau."

Suka dafa yashi, suka shuka waken Gwanja a cikin kwalabe, suka jiƙa 'yar ƙasar suka ɗiɗɗiga. Mamuda ya zama kamar mai jinya. Da lokaci ya yi suka zazzage kwalba ta farko, babu komai. Ta biyu haka. A ta ƙarshe, can gefen wata siririyar jijiya, ga 'yan ƙuraje biyu manne da juna. Ya murje ɗaya ya shafa a faranti. Bayan 'yan kwanaki abin ya fito ja-ja, launin ruwan goro. Dokta ya cire tabarau ya goge, ya raba shi faranti-faranti, ya ce wannan karon ko a ƙarƙashin gadonsa sai ya ajiye wani.

Ɗayan ƙurjin Mamuda ya bar shi a jikin saiwar, ya sa a kwalba, ya hau motar Jugu. Bai sayi lemun tsami ba, bai biya kantin magani ba. Ya tarar da Iyatu a tsakar gida tana tsince goro, wata tsohuwar maƙwabciya, Ummuhani, na zaune gefenta. Tsohuwar na ganinsa ta fara jan zane daga gwiwa, wai ga likita ya zo.

"Rufe gwiwarki," in ji Iyatu. "Ba likita ba ne. Saiwa yake tonawa, a Paraku. An ce ba wanda ya kai shi."

Ta faɗe shi kamar yadda za ta ce yau Talata. Ummuhani ta ce to Allah ya taimaka, ta ci gaba da taunar goronta. Shi ke nan abin da ya yi shekaru yana gudu, ko kai ba wanda ya ɗaga.

Da tsohuwar ta tafi ya miƙa wa uwarsa kwalbar. Ta ɗaga ta ga haske, ta ƙanƙance ido, ta ce ita dai har yanzu sankara take gani, amma tun da an ce baƙi ne, Allah ya ba su zama lafiya. Ya gaya mata daga farcenta suka fito. Ta yi dariya har tana riƙe ciki. Shi ma ya yi, har ya fara zaton an wuce wurin.

Ta ajiye kwalbar a gefen faifai, ta ɗauki goro ta juya shi a hannu.

"Ran nan," ta ce, ba ta dube shi ba, "da ka juya wa baƙo harshe kana nuna ni. Ban ji ko kalma ɗaya ba, amma na san muryar, da ita kakanka ke yi wa jaki magana. Na tambayi yayanka, ya ce ba da bakinsa ba. To ga ni, ga ka, ba kowa. Faɗa mini da Hausa."

Mamuda ya buɗe baki. Kalmomin na nan, ya san kowace, ba wadda Hausa ba ta da ita. Da Faransanci sun fito a guje kamar ruwa daga tulu. Yanzu ya nemi ta farko ya ɗora a harshe, a cikin harshen da ta yi masa rarrashi da shi, ta ƙi ɗaguwa.

Iyatu ba ta matsa masa ba. Ta ci gaba da tsince goronta, mai kyau dama, mai sankara hagu, tana jira.